Babi na Bakwai: Gidan Shuni na Titin Leith

A shekarar 1989 wani dattijo ya rasu, rasuwarsa kuma ta kwance ƙullin da aka ɗaure tun shekara 73 da suka shige. Shi ne autan Cheong Fatt Tze, attajirin nan Basine da ya bar duniya a 1916, ya kuma bar wasiyya cewa gidansa na titin Leith a birnin George Town, a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, ba za a sayar ba, ba za a raba ba, muddin ɗansa na ƙarshe yana numfashi. Ranar da uban ya cika, yaron bai wuce shekara biyu ba. Allah kuwa ya ja kwanansa har ya haura saba'in. Duk tsawon wannan lokaci gidan yana ɗaure: magada ba su da ikon sayarwa, ba su da kuɗin gyara, ba kuma mai zuba dukiyarsa a ginin da bai san rabonsa a ciki ba.

Masu ba da labarin gidan sukan ɗora wa wasiyyar nan laifin lalacewarsa. Suna da gaskiya, amma rabinta suka faɗa. Wasiyyar da ta hana a gyara shi ita ce ta hana a rushe shi, a daidai shekarun da ake ta kwantar da irinsa a biranen yankin ana dasa benaye na kankare.

Cheong ɗan ƙabilar Hakka ne, an haife shi wajen 1840 a gundumar Dabu ta lardin Guangdong a kudancin Sin. Talauci ya fitar da shi daga gida tun yana saurayi, ya bi jirgin ruwa zuwa Batavia, wato Jakarta ta yau, wadda take hannun Turawan Holan a lokacin. Ya yi ga-ruwa, ya yi tsaron shago, ya auri 'yar maigidansa, daga nan ƙofa ta buɗe. Ya riƙa yi wa sojan Holan kwangilar kayan abinci. Ya sayi izinin cinikin giya da ofiyam, domin gwamnatocin mulkin mallaka na yankin gwanjon wannan izini suke yi, kuma daga nan kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu ke fitowa. Ya buɗe gonaki a Sumatra, ya shiga harkar banki da jiragen ruwa. A 1892 ya kafa kamfanin giyar inabi na Changyu a Yantai, wanda yake nan har gobe. Fadar sarkin Sin ta naɗa shi mataimakin jakada a Penang, daga baya babban jakada a Singafo, a 1915 kuma ya jagoranci tawagar 'yan kasuwar Sin zuwa Amurka. Da ya rasu a Batavia, Turawan Holan da na Ingila duk sun sassauto da tutocinsu.

Ke nan gidan na zamanin mulkin mallaka ne, amma ba Bature ya gina shi ba. Penang ta shiga hannun Ingilishi tun 1786, lokacin da Francis Light ya karɓe ta daga Sarkin Kedah da sunan kamfanin cinikin Ingila na gabashin Indiya. Cheong yana cikin mutanen da suka tsaya tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, suka ci riba ta kowane ɓangare. Ginin da ya tayar a ƙarshen ƙarni na 19 bai ɓoye wannan ba. Tsarinsa na gidan babban mutum ne a kudancin Sin: zaure, tsakar gida, babban ɗakin kakanni, sai sassa biyu dama da hagu. Ɗaki 38, tsakar gida 5 da aka shimfiɗe da dutse, matakala 7, taga 220. Amma ginshiƙan ƙarfe da makaran benen da suka kewaye babbar tsakar gidan daga maƙerar MacFarlane ta Gilasgo aka zubo su. Tayil ɗin daɓen zaure daga Stoke-on-Trent ta Ingila ya zo. Tagogin suna da gilashi mai launi irin wanda Turai ke yayi a lokacin, wasunsu kuma masu tsinin kai ne kamar na coci.

Abin da ba daga Turai ya zo ba shi ne yadda aka zaunar da gidan. An bi ƙa'idojin da Sinawa ke kira feng shui, ilimin daidaita gini da iska da ruwa. Shi ya sa gidan bai bi layin titi ba, ya ɗan karkace. Bayansa ya fi gabansa tudu. Ruwan sama da ke sauka kan rufi ba a barinsa ya zube waje ta indararo. Ana bi da shi ta bututu cikin bango zuwa tsakar gida, daga nan ya fita a hankali ta magudana mai lanƙwasa, saboda a wurinsu ruwa dukiya ne, ana so ya shigo da sauri ya fita da jan ƙafa. Ko mutum ya yarda da wannan fassara ko bai yarda ba, tsakar gida a buɗe tana zuƙe zafi ta fitar da shi sama, iska kuma tana ratsa ɗakuna. Cheong har jerin gidaje biyar ya gina a tsallaken titi, na hadimai da ɗakunan girki, don kada wani ya zo ya tare masa gaba.

Wasiyyar ta ware wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata domin kula da gidan. Kuɗin da ya isa a 1916 bai isa komai ba bayan yaƙin duniya na biyu, wanda a cikinsa Japan ta mamaye Penang daga 1941 zuwa 1945. Iyalin da suka rage a ciki suka fara ba da hayar ɗakuna. Kafin ƙarshe iyalai fiye da 30 ne ke zaune a gidan, an kakkafa katako an yayyanka manyan ɗakuna, ana girki a baranda, ana shanya a kan ƙarfen Gilasgo. Rufi yana yoyo, gara ta shiga katako, kayan ɗaki na asali da yawa sun watse.

Birnin kansa ma a irin wannan ɗauri yake. A 1966 aka kafa dokar ƙayyade kuɗin haya a kan tsofaffin gine-gine, ta hana masu gida ƙara haya yadda suke so, ta kuma sa fitar da ɗan haya ya zama aiki. A 1969 Penang ta rasa matsayinta na tashar jiragen ruwa da ba a biyan kuɗin fito, ciniki ya ja baya. Mai gida da ke karɓar hayar da ba ta sayen fenti ba zai yi gyara ba, amma ba zai iya rushewa ba. Da haka George Town ta wayi gari da dubban tsofaffin gidaje masu shago a ƙasa, sun yi baƙi, sun tsattsage, amma suna tsaye, alhali Singafo ta riga ta share unguwanni da yawa irinsu. Inda kuɗi ya samu shiga kuwa an ga aikinsa: dogon benen KOMTAR, da aka soma a 1974 aka kuma kammala da hawa 65, a kan kufan unguwa guda ya tashi.

Da gidan ya fito kasuwa bayan rasuwar auta, kowa ya san abin da zai biyo baya, domin filin ya fi ginin daraja a idon mai saye. Wasu 'yan Penang ƙalilan, a gaba akwai masanin zanen gine-gine Laurence Loh da matarsa Lin Lee, suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1990. Ba hukuma ce ta sa su ba, ba kuma wata doka mai haƙori da za ta kare gidan in da wani ya riga su. Ba a daɗe ba shaidar haka ta zo: a ƙarshen 1993 aka rushe otal ɗin Metropole, wani tsohon gidan alfarma a titin Northam, cikin hutun Kirsimeti, kafin masu kishin tarihi su ankara.

Gyaran ya ci wajen shekara shida, kuma daga sama aka faro shi, don duk adon da aka yi a ƙarƙashin rufi mai yoyo asara ce. Amma babban yaƙin a bango aka yi shi, a kan abin da za a yi yaɓe da shi. George Town a kan fadama take, ruwa yana kusa da doron ƙasa, ga ruwan sama kusan duk shekara. Maginan da suka san haka, sai suka yi gini da jan bulo, suka haɗa shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi, suka yi yaɓe da ita, suka shafe da ruwanta. Farar ƙasa tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Danshin da bango ya tsotso daga ƙasa yana fita ta cikinsu ya bi iska, gishirin da ya taho da shi ya tsaya a fatar yaɓe, inda za a iya kankarewa a sake. Siminti da fentin zamani kuwa toshe ƙofofin suke yi. Danshi ya rasa mafita sai ya ƙara hawa, ya kai ga kawunan katakon bene ya ruɓar da su, gishiri kuma ya riƙa cin bulon daga ciki. Duk wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti, ta yi kyau shekara biyu sannan filastar ta ɓalle falle guda ta bar ƙasa jiƙe a baya, ya san wannan ciwo. A Penang cikin 1990 kusan duk birkila ya koma siminti, masu iya jiƙa farar ƙasa su bar ta ta nuna kafin a kwaɓa sun tsufa ko sun bar sana'ar. Sai da aka nemo su, aka gwada, aka sake koyo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an samu wanda ya adana ta.

A nan ne talaucin 'yan haya ya yi wa gidan rana. Sun ɓata shi da hayaƙi da ƙusoshi, amma ba wanda yake da kuɗin fasa tagar katako ya sa ta alminiyam, ko ya tone tayil ɗin Ingila ya zuba sabo. Abin da masu gyara suka tarar datti ne a kan asali. Datti kuwa yana wankuwa.

Aikin da ya fi ɗaukar ido shi ne adon da ke kan ƙololuwar rufi da goshin baranda, wanda ake kira chien nien. Ana ɗaukar kwanukan tangaran masu launi, a yayyanka su da filaya ƙanana ƙanana, a manna gutsattsarin a kan ɗanyen yaɓe har su zama tsuntsu ko fure ko mahayin doki. Fenti yana kodewa a rana, tangaran ba ya kodewa, shi ya sa aka zaɓe shi. Da yawa daga cikin adon ya zube, kuma babu sauran masu wannan sana'a a Penang da za su iya aiki mai yawa haka, sai daga ƙasar Sin aka ɗauko gwanaye, aka kuma yo odar dubban kwanuka don kawai a farfasa su.

Sai launin da ya ba gidan sunan da aka san shi da shi yanzu. Da aka kankare bango aka tarar da shuɗi a ƙasa: ruwan farar ƙasa ne da aka garwaya da shuni. Fari launin makoki ne a al'adar Sinawa, don haka mai hali yakan rina farar ƙasarsa, shuni kuwa Ingilishi suna kawo shi daga Indiya da yawa. Shunin nan yana da nasa tarihin mai ɗaci, domin tilasta wa manoman Bengal noman baba shi ya jawo boren 1859, kuma a kan irin wannan zalunci Gandhi ya fara gwagwarmayarsa ta cikin Indiya a Champaran a 1917. Haɗuwar marina da magina ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Katsin da ake kwasowa daga gindin karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, shi ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, a shafe rufin soro don kada ruwa ya ratsa. Bambancin shi ne a Kano amfanin katsi ake nema, a Penang kuwa launin ake so. A duka biyun, aikin ba na yi-ka-gama ba ne, sai ana sabuntawa.

An kammala babban gyara a 1995. Ba a jima ba aka fara wani gini a maƙwabta, ana buga turakun kankare cikin ƙasa da gudumar inji, girgizar ta tsattsaga bangon da aka sha wahalar ɗinkewa. Rigimar da ta biyo baya ta taimaka wajen sa hukumar birnin ta hana irin wannan bugu kusa da tsofaffin gine-gine. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta ba aikin lambar yabo mafi girma a gasarta ta farko ta adana gine-ginen tarihi a yankin Asiya da Fasifik.

Lambar yabo ba ta sayen farar ƙasa. Gida irin wannan yana ci kullum: a sake shafe bango, a duba gara, a maye tayil ɗin rufi da ya zame, a shafa wa katako mai. Cheong ya ciyar da shi da ribar ofiyam da jiragen ruwa. 'Yan haya sun ciyar da shi da ɗan abin da bai ƙosar ba. Masu shi na yanzu dole su samo masa sana'a, kuma kuɗin shiga gidan tarihi kaɗai ba ya riƙe gini mai taga 220. Da haka ya zama ƙaramin otal.

Otal kuwa yana zuwa da buƙatunsa, kuma kusan kowace ɗaya abokiyar gabar tsohon gini ce. Baƙon da ya biya kuɗi mai yawa yana son banɗaki a cikin ɗakinsa, wato bututun ruwa a kan daɓen katako mai shekara ɗari. Yana son na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa a ƙasa mai laima takan sa raɓa ta taru a inda sanyi ya haɗu da zafi, a jikin bango da katako, a gidan da aka gina don iska ta ratsa shi. Ga wayoyin lantarki, ga hanyar tsira idan gobara ta tashi. Mai son riba da gaggawa zai cusa ɗakuna ko'ina, ya rufe tsakar gida da gilashi, ya sanyaya duka. A titin Leith an ja linzami. Ɗakunan kwana 18 ne kawai, galibinsu a sassan gefe, babban zaure da tsakar gida ta tsakiya kuma an bar su yadda suke, ruwan sama yana sauka a ciki kamar da. Kowace rana ana zagayawa da masu ziyara waɗanda ba kwana za su yi ba, suna biyan kuɗin shiga kaɗan. Akwai gidan abinci a bene, ana kuma ba da hayar wurin ga masu biki da masu shirya fim. An ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Faransa mai suna Indochine a nan, wanda ya ci kyautar Oscar a 1993, haka ma wani fitaccen zama a fim ɗin Crazy Rich Asians na 2018.

A ganina wannan ciniki ne mai kyau ga ginin, kuma ban ga wata hanya da za ta fi shi ba a lokacin. Amma ɗaki kaɗan yana nufin farashi mai tsada. Iyalan nan fiye da 30 sun tashi, kuma da wuya a samu cikin 'ya'yansu mai iya biyan kwana ɗaya a ɗakin da aka haife shi. Littattafan yawon buɗe ido sukan ambace su ne a matsayin ɓarnar da aka share, alhali su ne suka zauna a gidan fiye da yadda Cheong ya taɓa zama, shi da yake da gidaje da mata a garuruwa da dama.

Abin da ya faru a gida ɗaya ya zo ya faru a birni duka. Ranar 1 ga Janairun 2000 dokar ƙayyade haya ta daina aiki, haya ta yi tsalle, masu ƙaramin ƙarfi suka fara ficewa zuwa gidajen bene a bayan gari. A watan Yulin 2008 UNESCO ta sa George Town da Melaka cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ba don gine-gine kaɗai aka ba su wannan matsayi ba, har da zaman cuɗanya na Malayawa da Sinawa da Indiyawa da Larabawa, da sana'o'insu da wuraren ibadarsu. A titin Acheh akwai masallaci tun 1808, kuma a zamanin jirgin ruwa nan maniyyata daga Sumatra da sassan Malaya ke taruwa kafin su kama hanyar Jidda. Irin wannan rayuwa ce aka ce a kare. Amma sunan UNESCO ya jawo masu zuba jari daga Kuala Lumpur da Singafo, suka riƙa sayen jerin gidaje, su sallami teloli da maƙera da masu saƙar kujerun kaba, su mai da wurin otal ko gidan shan kofi. Wasu sun yi aiki tsakani da Allah. Wasu kuwa fuskar gini kawai suka bari, suka rarake cikin, suka zuba siminti, suka shafa fenti mai kama da na da, suka rataya tsofaffin hotuna.

Otal ma ba shi ne mafi munin abin da ya sami gidajen ba. A wani lokaci akwai masu toshe tagogi su mai da gida ɗakin kiwon wasu tsuntsaye dangin tsattsewa, waɗanda Sinawa ke sayen sheƙarsu da tsada don yin miya. Ana kunna kukan tsuntsu a lasifika don a jawo su, ana jiƙa cikin ginin don ya yi kama da kogo, kashinsu kuma yana cin katako. Sai da gwamnatin jihar ta ba da wa'adin fitar da su daga yankin tarihi. Haka nan a shekarar farko bayan samun matsayin, wasu manyan otal-otal huɗu da aka riga aka ba izinin gini suka kusa jawo wa birnin matsala da UNESCO saboda tsayinsu, har aka tsaya kan cewa a tsakiyar yankin sabon gini ba zai wuce mita 18 ba.

Laurence Loh ya ci gaba da wannan aiki a wasu wurare, ciki har da Suffolk House, gidan gwamnonin Ingilishi na farko a Penang, wanda shi ma ya kusa zubewa kafin a ceto shi, ya kuma samu lambar UNESCO a 2008. Masu yaɓen farar ƙasa da aka yi ta cigiya a 1990 yanzu sun samu kasuwa, domin ƙa'idojin gyara a yankin tarihi sun wajabta amfani da ita a tsofaffin bango, kuma ana shirya wa matasan magina horo a kanta. Mai gida da ya yi wa irin wannan bango filastar siminti ba da izini ba, hukumar birni tana da ikon dakatar masa da aiki ta sa ya kankare.